Wane Ne Jininmu?

Mu Hausawa mun ɗora wa kalmar jini kaya mai nauyi. In muna alfahari mu ce wane jinin sarauta ne. In mun so mutum mu ce jininmu ya haɗu. In rigima ta tashi mu ce ba mu barin jininmu ya wulaƙanta. To amma ran da aka ɗauko mai haihuwa daga Nasarawar Burkullu zuwa asibitin Gummi ko Anka ko Bukkuyum, jini na zuba, ma'aikaci ya ce a nemo mai bayarwa, a nan ake gane waye jinin wani.

A shekarar 1901 wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya gano jinin mutane rukuni-rukuni ne: A da B da O. Shekara ta zagayo aka gano AB. A 1940 aka ƙara gano wani sinadari, Rh, wanda ya raba kowane rukuni biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. In aka ƙara wa mai O jinin A, jikinsa zai ɗauke shi abokin gāba ya farfasa ƙwayoyinsa, har ta kai ga rasa rai. Uba mai A da uwa mai B suna iya haifar 'ya'ya huɗu, kowa da rukuninsa. Ke nan ɗan'uwa ciki ɗaya yana iya tsayawa hannu rabbana, Bafillacen ruga ko Badakkaren da ya zo cin kasuwa ya zama shi ne ya dace. Gwajin bai tambayar ƙabila.

Ga inda tambayar take. Mai O mai alamar ɗebewa yana iya ba kowa, amma ba ya karɓa sai daga irinsa, kuma irinsa kaɗan ne a ƙasar nan. Mai AB mai alamar tarawa kuwa kowa na iya ba shi. Wani zai ce, don me zan bayar ga wanda ba zai taɓa iya rama mini ba? Wannan lissafin biki ne, a yi maka ka yi wa wani. Amma babu wanda ya zaɓi rukuninsa, balle ya yi gumin samunsa. Abin da aka ba mu kyauta, in ransa wani ya rataya a kansa, amana ne a hannunmu. Kuma abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki na mayar da shi cikin makonni.

Yankinmu ya ga zubar jini tsakanin maƙwabta fiye da kima. Ya kamata kowane baligi ya san rukuninsa tun kafin damina ta kawo zazzaɓin da ke shanye jinin yara, ya kuma miƙa hannu ko bai san mai kwance ba. Zumunta dai a ƙafa take, aka ce; wani lokacin kuma a jijiyar hannu.