Hukuncin Mai Sana'ar Ba da Dariya

Daga cikin mas'alolin da ake yawan tayarwa a zaurukan karatu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tun zamanin da kaset ɗin bidiyo ya shigo ƙauyuka har zuwa yau da samari ke cincirindo a shagon caji ana tura musu finafinai a waya, akwai mas'alar mutumin da ya mai da ba da dariya sana'a: shin abin da yake ci halal ne, ko kuwa yana cikin waɗanda aka yi wa narkon azaba? Kuma duk inda aka ɗauko wannan zance, sunan da ake fara ambata shi ne na marigayi Rabilu Musa Ibro.

An haifi Ibro a Ɗanlasan ta ƙasar Kano cikin 1971, ya yi aikin ganduroba na wasu shekaru kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasan kwaikwayo. Ko da yake Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, da Ƙasimu Yero sun riga shi sa jama'a dariya ta rediyo da talabijin na Kaduna, Ibro ne wanda sunansa kaɗai a bayan kwali ya isa ya sayar da fim, abin da mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme mutumin ƙasar Faskari ya kafa a 1999, ta shaida shekara da shekaru. A 2008, zamanin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko, sai ga tsohon mai tsaron kurkuku ya zama ɗan kurkuku. Allah Ya yi masa rasuwa ran 10 ga Disamba, 2014.

Masu hani suna da hujja, kuma wauta ce a raina ta. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ke shirga ƙarya don ya ba mutane dariya, an kuma ruwaito cewa yawan dariya yana kashe zuciya. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa kakaci cikin cututtukan harshe, ya nuna cewa wanda ya dawwama a kansa kwarjininsa yakan zube, gafala kuma ta rufe shi.

Amma wanda ya tsaya a nan bai gama karatun babin ba, domin Alƙur'ani, a Suratun Najmi, ya jingina sanya dariya da sanya kuka ga Allah Maɗaukaki, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa ba tare da ya faɗi abin da ba gaskiya ba, har ma a cikin mutanen Badar akwai Nu'aimanu ɗan Amru, wanda littattafan tarihi suka cika da labaran barkwancinsa. Ƙaryar da aka haramta kuwa, illarta ita ce a sa wa mai sauraro abin da ba haka yake ba a zuciyarsa, alhali yana tsammanin gaskiya ake gaya masa. To, dubi yaron da ke fitowa tashe bayan goma ga watan azumi, ya liƙa gemun auduga da ƙaro, ya cusa tsummoki a riga ya yi tumbi, ya dogara sanda yana rawar tsufa a ƙofar gida, matan gida suna ƙyaƙyatawa suna auno masa gero. Wa ya yaudara? Har ƙanwarsa ta goye ta san wanene a bayan gemun. Haka nan wanda ya ga Ibro ya fito a boka ko ɗan sanda ya san misali ake buga masa, buga misali kuwa tsohuwar hanya ce ta masu wa'azi, kamar yadda wasan tashe na Jatau Mai Magani ya daɗe yana tona asirin masu tallar maganin ƙarya.

A ganina haɗarin wannan sana'a yana wani wuri dabam, shi ne wurin wanda ake yi wa dariyar. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma hana jifa da miyagun laƙabobi, kuma a nan ne finafinan barkwancinmu suka fi yin tuntuɓe, yayin da suka mai da makaho da mai i'ina da baƙauye da Bafulatanin daji abin tsokana, saboda dariyarsu ta fi sauƙin samu. Kakanninmu sun san wasa tsakanin ƙabilu, ga Katsinawa da Nufawa, ga Fulani da Barebari, ga Kanawa da Zazzagawa, amma sharaɗin wannan wasa, kamar na taubasai da na jika da kaka, shi ne wanda aka zolaya yana nan zaune, yana da bakin ramawa, a tashi kowa na dariya. Wanda aka kwaikwayi maganarsa a fim ba ya da wannan dama.

Wannan magana ta fi nauyi a ƙasarmu, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ran 11 ga Disamba, 2020, inda kuma manoman Faskari da Sabuwa suka sha barin gonakinsu saboda 'yan bindiga, har amana ta yi rauni tsakanin maƙwabtan da suka yi zaman shekaru tare. Mutanen da ke cikin irin wannan ƙunci suna da haƙƙin su sami abin da zai sassauta musu zuciya, kuma wanda ya sa maraya ko ɗan gudun hijira dariya da kyakkyawar niyya, ina kyautata zaton ba zai rasa lada ba. Amma dariyar da ke koya wa yaro raina wata ƙabila, a wurin da jini ya riga ya zuba, fitina take ƙara wa wuta.

Saboda haka hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne, sana'ar a kan kanta mubahi ce, abin da aka zuba a cikinta shi ke ɗaga ta ko ya kā da ita. In ta kunyata azzalumi da mayaudari da marowaci, ta yi aikin nasiha. In ta taɓa addini, ko ta keta mutunci, ko ta taka mai rauni, ta shiga haram. Ibro ya tafi inda za a auna nasa da ma'aunin da ba ya zalunci, Allah Ya gafarta masa. Magadansa kuwa, da mu masu kallo, ya kamata kafin mu saki baki mu tambayi kanmu ko wanda ake wasan da shi zai iya zama a tabarma ɗaya da mu ya yi dariyar.