Niyyar Mai Ƙirƙirar Wasan Bidiyo: Shin Ta Shafi Mai Wasa?

Sanin kowa ne cewa ruwa ba ya tsami banza. Duk wasan bidiyon da muka ga yaro ya duƙufa a kansa, a waya ko a kwamfuta, akwai wani mutum da ya ɓata watanni ko shekaru yana tsara shi, kuma akwai abin da ya tura shi. Tambayar da muke son mu tattauna ita ce: shin wannan dalili nasa ya shafe mu, ko kuwa namu shi ne mu duba wasan kawai, in ya yi daɗi shi ke nan? Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu fara jin dalilan wasu daga cikin masu wannan sana'a.

Na farko shi ne begen ƙuruciya. Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya tashi ne a ƙauyen Sonobe, kusa da birnin Kyoto na ƙasar Japan, inda ya riƙa yawo cikin dazuzzuka yana leƙa koguna. Wannan fargaba da murnar shiga wurin da ba ka sani ba su ne ya zuba a wasan The Legend of Zelda na 1986. Haka shi ma Satoshi Tajiri, wanda ya tashi a Machida yana kama ƙwari yana tarawa, har gine-gine suka zo suka cinye filaye da kududdufan da yake farauta. Sai ya yi nufin ya mayar wa yaran birni abin da aka raba su da shi. Bayan wahalar kimanin shekara 6, wasan Pokémon ya fito a 1996, inda yaro zai kama halittu ya tara, ya kuma yi musaya da abokinsa.

Na biyu shi ne sha'awar wasa ƙwaƙwalwa. A tsakiyar shekarun 1980, Alexey Pajitnov, ma'aikaci a cibiyar kwamfuta ta Hukumar Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet da ke Mosko, ya tsara wasan Tetris a kan wata na'ura mai suna Elektronika 60. Siffofi 7 ne kacal, kowace da gida huɗu, suna faɗowa mutum yana jera su. Ba wanda ya sa shi, jin daɗin abin ne ya ja shi.

Na uku shi ne baƙin ciki. Ryan Green da maiɗakinsa Amy, 'yan ƙasar Amurka, sun yi jinyar ɗansu mai ciwon daji har ya rasu a 2014 yana ɗan shekara 5. Wasan da suka fitar a 2016, That Dragon, Cancer, yana sa mai wasa a matsayin mahaifi, har akwai wurin da zai yi ta rarrashin yaro mai kuka, ya gwada duk dabarar da ke gabansa, kukan ya ƙi tsayawa.

Na huɗu kuwa shi ne neman abin sawa a bakin salati. A nan wasu ke saurin ɗaure fuska, kamar dai kuɗi ƙazanta ne ga mai fasaha. Mu ba mu tare da su. Shi Pajitnov ɗin nan, hukuma ce ta riƙe haƙƙin wasansa, duniya ta yi ta ciniki da shi, bai fara cin ladan aikinsa ba sai a 1996. Ba mu jin akwai mai adalcin da zai ce talaucin nan ya ƙara wa Tetris daraja. Tauye haƙƙi ne kurum, kuma marubutanmu da aka sha buga littattafansu ba da izini ba sun san zafinsa.

To, yanzu sai mu koma ga tambayarmu. Mai ja da mu zai ce niyya a zuci take, ba mai ganin ta, kuma sau da yawa mai kyakkyawan nufi kan yi aiki maras kyau, mai neman kuɗi tsagwaronsa kuma ya yi abin yabo. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai wasan bidiyo ya sha bamban da littafi ko fim ta fuska guda. Mai karatu yana bin labari ne, shi kuwa mai wasa aikatawa yake yi, kuma mai ƙirƙira ne ya shimfiɗa masa dokokin: me za a saka masa a kai, me za a hukunta shi a kai, yaushe za a ce masa ya gama. Saboda haka niyyar ba ta tsaya a zuci ba, ta sauko cikin dokokin wasan, inda kowa zai iya karanta ta. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska. Tajiri ya so yara su haɗu, sai ya sa wasu halittun ba sa samuwa sai ta hanyar musaya da wani. Wanda kuwa burinsa shi ne aljihun mai wasa, sai ya kawo akwatin sa'a, wato ka biya kuɗi na gaske ka buɗe akwati ba ka san abin da ke ciki ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan akwati da ke cikin wasu fitattun wasanni caca ce. Kowannensu ya ci riba. Bambancin shi ne Tajiri ya sayar da wasa ga mutum, mai akwatin sa'a kuwa ya gano raunin mutum ne ya kafa masa tarko.

Amma fa kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta wanke mai ita. Dong Nguyen, wani matashi daga birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam, ya fitar da ɗan wasan waya mai suna Flappy Bird a 2013. A cewarsa, ya yi shi ne don mutum ya ɗan taɓa na 'yan mintoci lokacin hutu. Farkon 2014 wasan ya game duniya, har aka ruwaito yana samun kimanin dala 50,000 a kullum daga tallace-tallace. A watan Fabrairu na shekarar ya janye shi daga kasuwa, yana mai cewa ya zama jaraba ga mutane. Ana iya cewa ya wuce gona da iri, domin nan da nan wasu suka cika kasuwa da kwaikwayonsa. Duk da haka ya nuna mana abu guda: alhakin mai ƙirƙira bai ƙare ranar da ya saki aikinsa ba. Da ya ga abin da ya shuka ya tsiro da wata kama dabam, bai fake da cewa ai ba haka ya nufa ba. Damuwarsa kuma ba shaci-faɗi ba ce, domin a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka.

Abin da muka fahimta ke nan: niyya ta shafe mu, domin abin da mai wasa ke biya ya wuce kuɗi. Sa'o'in rayuwarsa yake bayarwa, waɗanda ba sa dawowa, kuma da yawa daga masu bayarwar yara ne da ba su kai ga iya lissafin asara ba. Don haka ma'aunin da muke ganin ya dace shi ne mai ƙirƙira ya tambayi kansa: in da zan bayyana wa mai wasa dalilin da ya sa na tsara kowace doka, zai ci gaba da wasan da daɗin rai? Miyamoto zai iya faɗin nasa ba kunya, haka ma iyayen yaron nan. Mai akwatin sa'a kuwa sai dai ya yi ta kame-kame, domin cinikinsa ya dogara ne ga rashin sanin mai saye.

Wannan ma'auni bai tsaya kan masu wasan bidiyo ba. Duk wanda ya ɗauki alƙalami yana neman mutane su ba shi lokacinsu, ya kamata ya iya amsa wannan tambaya kafin ya kai aikinsa maɗaba'a.