An wanke shi, amma barci ya ƙi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba.

'Yan'uwa, a wani ƙauye tsakanin Ƙonni da Malbaza ɓarayin shanu suka faɗa wa kawuna cikin dare. Ya yi musu tsawa, suka ɗaga makami, ya harba bindigar farautarsa, ɗaya ya faɗi. Da gari ya waye aka ga saurayi ne sa'ana.

Jandarmomi sun karɓe bindigar, sun tsare shi kwanaki, domin dokar Nijar ta yarda da kare kai, amma ba ta yarda da riƙe bindiga babu takarda ba. Fiƙihun Malikiyya ma, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil, ya halatta tunkuɗe mahari bayan gargaɗi.

To me ya hana shi barci har yau?

Da na yi hutun jami'a na ce masa: "Kawu, ai ba ka da laifi." Ya ce: "Na sani, ɗana. Uwarsa nake tunani."

Sai na gane alƙali yana duban aiki, zuciya kuwa tana duban ran da Allah Ya busa. Sayyidina Usama ɗan Zaidu a fagen yaƙi ya kashe mutum, kuma nadamar ta bi shi. Wannan nauyi alamar zuciya mai rai ce. Wanda ya kashe ya yi alfahari shi ne abin tsoro.

Kada mu yi masa kirari, kada mu guje shi. Mu zauna kusa da shi a wazifa, mu yi istigfari tare. Allah Ya tsare hannuwanmu daga jini. Amin.