Shin Alherin Dole Alheri Ne?

A 1992 jihar Maryland ta Amurka ta kafa ƙa'idar cewa ɗalibin sakandare sai ya yi hidimar al'umma, galibi ta awa 75, kafin ya karɓi takardar kammalawa. Lardin Ontario na Kanada ya bi sahu a 1999 da awa 40. Ingila kuwa a 2002 ta wajabta darasin zama ɗan ƙasa, inda ake tattauna haƙƙin ɗan Adam da al'amuran duniya.

Masu adawa na cewa aikin da aka yi don tsoron rasa takarda haraji ne kawai. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin niyya ce ginshiƙin alheri. Sai dai, 'yan'uwa ɗalibai, ina ganin sun manta yadda aka tashe mu. Wane ne cikinmu ya fara kai wa maƙwabta tuwo don ra'ayin kansa? Aikensa aka yi, wani sa'in har da tsawa. Ƙafa ce ta fara sanin hanyar gidan, daga baya zuciya ta biyo.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da ya iya jawabi kan yunwar Darfur a zauren muhawara, amma bai san sunan tsohuwar da ke fama da kaya a benen gidansu ba. Idan awa 40 za ta kai shi wurin rabon abinci na unguwarsu, ya zauna da mai jin yunwa ido da ido, ni dai na yarda a tilasta masa.