Jari A Hannun Wani: Labarin Asusun Woodford Da Hukuncin Ƙiradi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa, da yawanmu a nan kudu ba kuɗinmu kaɗai muke juyawa ba. Wani jarin ƙanwarsa ne a hannunsa, wani na marayun yayansa, wani kuma nasa ya tura gida a sayo masa shanu ko albasa. Shi ya sa wannan Juma'ar muka ɗauko labari daga Ingila, don ya taɓa tambayar da ake yawan kawo wa malamai: in jari ya karye a hannun wanda aka danƙa wa, wa zai ɗauki asarar?

Akwai wani Bature, Neil Woodford, da ya yi fiye da shekara 25 yana juya kuɗin mutane a kamfanin Invesco Perpetual. Sana'arsa ita ce a tara masa kuɗi a asusu ɗaya, shi kuma ya sayi hannun jarin kamfanoni da su. Ya yi suna ƙwarai. A 2014 ya buɗe nasa kamfanin, jama'a suka bi shi, har asusunsa ya haura fam biliyan 10 a 2017. A 2015 kuma ya kafa wani kamfanin zuba jari mai suna Patient Capital Trust, aka tara masa fam miliyan 800.

Daga nan kasuwa ta juya masa baya, masu kuɗi suka fara janyewa. To a nan gizo ke saƙar. Mutane sun shiga babban asusun ne bisa cewa duk ranar da suka so za a ba su kuɗinsu. Amma wani kaso na dukiyar yana cikin ƙananan kamfanoni waɗanda ba a cinikin hannun jarinsu a kasuwa, ga wuyar samun mai saye. Ana biyan masu fita da abin da ke saurin sayuwa, masu haƙuri ana bar musu kwantai. Doka ta ce irin wannan kaya kada ya wuce kashi 10 cikin 100, sai aka yi wa wasunsu rajista a kasuwar hannun jari ta tsibirin Guernsey don kada a ƙetare iyakar a takarda. Ranar 3 ga Yunin 2019, bayan majalisar gundumar Kent ta nemi kuɗin fanshon ma'aikatanta, aka kulle asusun, babu mai fita. A watan Oktoba aka sauke shi, aka yanke shawarar rushe asusun. Shi kuwa Patient Capital, hannun jarinsa ya faɗi ƙasa da rabin yadda aka sayar da shi tun farko, aka miƙa wa kamfanin Schroders. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai, watannin da kuɗinsu ke kulle ana ci gaba da cirar ladan aiki.

Yanzu mu dawo gida. Wannan mu'amala ta wani ya kawo dukiya wani ya kawo aiki, malamanmu na Malikiyya suna ce mata ƙiradi, wasu su ce mudaraba. Halal ce. Ana raba riba bisa kaso, rabi ko sulusi, ba a yanka wani adadin kuɗi ba. In aka faɗi ba da sakaci ba, asara ta mai dukiya ce, shi mai aiki wahalarsa ce ta tafi banza. Kai, ko sharaɗin cewa sai ya biya uwar kuɗi in an faɗi, ɓata ƙiradin yake yi. Don haka duk wanda ya ce maka kawo kuɗinka, riba kaza duk wata, babu faɗuwa, to ba ƙiradi yake kiranka ba.

Mu masu ba da jari, mu ji tsoron Allah a nan. Mota ta kife da tumatir a hanya, ko farashi ya karye kafin kaya su iso Mile 12, sai a tara wa yaro jama'a ana kiransa ɓarawo. Wannan zalunci ne. Haka nan malamai sun ce in mai aiki ya riga ya sayi kaya, ba ka da ikon cewa lallai yau sai kuɗinka; sai an jira kayan sun koma kuɗi.

Amma fa akwai inda mai aiki yake lamuni, wato biya ya hau kansa: in ya yi sakaci, ko ya saɓa sharaɗi. An ba ka kuɗi a kan hatsi, ka kai su fili a bayan gari saboda wani ya ce nan da shekara biyar za a yi titi. Ko da nufinka alheri ne, ka fita daga abin da aka yarda da kai a kansa. A ganinmu wannan ne zuciyar ƙorafin mutanen Ingila. Faɗuwa sun san ana yi. Abin da ya dame su shi ne kayan da aka zuba kuɗinsu sun sha bamban da abin da suka zata, kuma da yawansu ba su ankara ba sai da ƙofa ta rufe. Suna ne suka bi, shekara da shekaru ba su leƙa rumbun ba.

Mu ma haka muke yi. "Ai Alhaji ne," shi ke nan, ba takarda ba shaida. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. In za ka ba da jari, a rubuta nawa ne, wace sana'a za a yi, yaya rabon riba, yaushe za a zauna lissafi. In kamfani ne, ka tabbatar hukumar SEC ta yi masa rajista, duk da Woodford ma da rajistarsa. Sai ka ƙara da tambayar kwana nawa kuɗinka za su ɗauka kafin su dawo hannunka. Kai kuma da dukiyar take hannunka, in kasuwa ta fara ci baya, je ka faɗa wa mai ita tun saura da yawa.

Allah Ya sanya albarka a kasuwancinmu, Ya warware wa masu bashi, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.