Hukuncin Buɗe Ajin Koyar da Kwalliya da Karɓar Kuɗi a Kansa

Tambaya

Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a garin Bebeji. Sana'ata kwalliya da ƙunshi da ɗaurin ɗankwali, a Kano na koya. Yanzu 'yan mata da zawarawa suna ta zuwa mini daga Tiga da Kofa da Kiru, har da Tudun Wada da Doguwa, suna so in koya musu. Ina son in buɗe aji na wata 3 a ɗakin da maigidana ya ware mini, in riƙa karɓar kuɗi ina ba da takardar shaida. Waɗanda hannunsu ya fi faɗawa kuma in koya musu yadda za su buɗe nasu ajin a garuruwansu. To sai wata maƙwabciyata ta ce kuɗin haram ne, wai duk wadda ta fita titi da kwalliya ina da kamasho a zunubinta. Mene ne gaskiyar magana?

Amsa

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi:

Baiwar Allah, ki buɗe ajinki. Koyar da kwalliya ya halatta, kuɗin da kika karɓa a kansa halal ne, matuƙar abin da kike koyarwa ya halatta a yi shi. Asalin ado halacci ne, kamar yadda aya ta 32 cikin Suratul A'araf ta nuna. Gyaran amarya ma tun zamanin Sahabbai ake yinsa. Ummu Sulaim ce ta gyara Nana Safiyya a hanyar dawowa daga Khaibar, shekara ta 7 bayan hijira, kuma Asma'u bint Yazid ta ba da labarin cewa ita ta yi wa Nana A'isha kwalliya ranar tarewarta. Aikin da ya halatta a yi, ya halatta a koyar da shi, a kuma ci ladan koyarwar.

Maƙwabciyarki tana da kishin addini, amma ta faɗaɗa hukunci fiye da inda ya tsaya. Da haka ne, da mai sayar da leshi a Kantin Kwari ba shi da halal, tunda wata za ta ɗinka ta je ta yi bidiri da shi. Abin da galibin amfaninsa halal ne ba a haramta shi don wasu na saɓo da shi. Inda maganarta take da ƙarfi shi ne idan kin sani, ko kin yi zato mai rinjaye, cewa wance ta zo ne don ta yi tallan kanta ga maza. A nan malamanmu na Malikiyya sun hana, kamar yadda suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, kuma aya ta 2 cikin Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo.

Abin da na fi so ki tsaya a kansa shi ne wannan da kika ambata a ƙarshe, wato horar da masu koyarwa. Mai kwalliya fuska ɗaya take taɓawa a lokaci guda. Ke kuwa abin da kika sa cikin darasinki zai tafi Doguwa, wata ta koya wa wasu a can, su ma su koyar, alhali ko sunayensu ba ki sani ba. Hadisin Jarir bin Abdullahi da ke cikin Muslim ya nuna cewa wanda ya kafa kyakkyawar hanya yana da ladan duk wanda ya bi ta, wanda ya kafa mummuna kuma yana da kwatankwacin zunubinsu. Saboda haka kamashon da ake tsoratar da ke da shi yana nan, sai dai a manhajarki yake, a abin da kika koyar da hannunki.

Ki cire ƙarin gashi daga cikin manhajar. Asma'u bint Abi Bakr ta ruwaito cewa wata mata ta zo tana neman izini ta ƙara wa 'yarta gashi, ga yarinyar amarya, ga ciwo ya zubar mata da shi, duk da haka Annabi (SAW) bai yarda ba, ya kuma la'anci mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. Ki duba, amarya ce, kuma da uzurin rashin lafiya. To ina ga mai sa gashin doki don dina? Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan karatu a ƙasar nan, ya kawo wannan hani tare da hana zanen jiki na dindindin, kuma zanen girar nan da ake yi da allura a cusa launi ƙarƙashin fata ya shiga ciki. Zare mai launi da kowa ya san ba gashi ba ne, Alƙali Iyad ya ce ba shi ake nufi ba. Gashin ido na kanti malaman zamani sun saɓa a kai, da yawansu sun riskar da shi ga ƙarin gashi, ni ma barinsa nake gani.

Gira kuwa akwai magana, kuma amanar ilimi ta sa in faɗa miki duka. Hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim ya la'anci masu tsige gira, kuma a kan zahirinsa malamai da yawa suka tsaya. Amma Nafarawi, cikin sharhinsa na Risala, ya ɗora hanin a kan matar da aka hana ta ado, kamar mai takaba. Don haka idan kin ga matar aure ta rage girarta bisa wannan fahimta, kada ki kira ta la'ananniya. Sai dai ajinki cike yake da 'yan mata, kuma darasi ne da zai yaɗu, to kada ki sa reza cikinsa. Ki koya musu taje gira da daidaita ta da jagira, wannan ya wadatar.

Man bilicin haramun ne ki haɗa shi, ko ki sayar, ko ki koyar da haɗinsa, ko da an sauya masa suna an ce gyaran jiki ne. Akwai zaiba da wasu sinadarai masu cin fata da lalata ƙoda a cikin irin waɗannan mayuka, har hukumar NAFDAC ta bayyana a Kano a shekarar 2023 cewa abin ya zama barazana ga lafiyar ƙasa. Dilka da kurkum da lalle ba su da laifi. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona wasu, ki gwada a ɗan wuri kafin ki shimfiɗa zane. Soso ɗaya da burushi ɗaya kuma kada su zagaye fuskokin 'yan aji ba wanki, musamman lokacin apolo.

Sai sallah, wadda a nan ne aka fi halaka ba a sani ba. A zaunar da amarya bayan Azahar, a ɗora mata hoda hawa-hawa, a fesa abin da ke hana ruwa kama ta, a manna farce, sai ƙawaye su ce kada ta kuskura ta taɓa ruwa sai an gama hoto. La'asar ta wuce, Magariba ta wuce, wani lokacin har Isha'i, a ranar da ta fi kowace rana bukatar albarka. A mazhabarmu alwala ba ta inganta sai ruwa ya isa fata an kuma cuɗa. Lalle launi ne, idan an wanke ɓawonsa ba ya hana ruwa, amma jan farce da farcen roba da duk abin da ya yi kauri a kan fata suna hanawa. Ki mayar da wannan darasin farko: amarya ta yi alwala ta yi sallar da ta kama kafin a fara, a tsara lokaci, idan alwala ta karye a wanke a sake. Mai kwalliyar da ta ce wa amarya ta bar sallah don kada aikinta ya lalace tana da rabo a laifin, malamar da ta koya mata haka ita ma tana da nata.

Game da kuɗi, wannan ijara ce, wato aiki a kan lada, sharaɗinta a san lada, a san aiki. Ki faɗi kuɗin tun farko, da abin da za a koya, da ko kayan aiki suna ciki. Ya halatta ku yi a kan wata 3, ya kuma halatta ku yi a kan sai ta iya, domin Risala ta halatta wa malami ya yi sharaɗi a kan ƙwarewa. Wadda iyayenta ba su da hali, Mukhtasar na Khalil ya halatta a koyar da sana'a a madadin aikin mai koyo na shekara guda, to ki yanke mata wa'adi sananne, kada ta zama 'yar aike da wanke-wanke har abada. Haɗa ciniki da ijara ya halatta a wurinmu, kina iya sayar musu da kayan da kika saro a Sabon Gari, amma kada ki ba da jabu da sunan na asali. Takardar shaida kuwa shaida ce. Wadda ba ta iya ja layin gazal ba, kika rubuta cewa ta isa koyarwa don ta biya kuɗi, kin yi algus ga duk wadda za ta zauna gabanta. Tsarin nan kuma da ake cewa sai ɗaliba ta kawo mutum biyar kafin ribarta ta fito, ki nisance shi, garari ne da cin dukiyar mutane.

Ajin ya zama na mata zalla, mace ke koyarwa, mace ake gwaji a fuskarta. Kada ki ɗauki hoton ɗaliba ko amarya cikin ado ki sa a TikTok ko Instagram ko WhatsApp don talla. Izininta ma ba ya halatta bayyana adon da aya ta 31 cikin Suratun Nur ta ce a ɓoye wa maza ajnabai, balle a ɗauka a ɓoye. Ki nuna zanen lalle a takarda, ɗauri kuma a kan mutum-mutumin gwaji. Mai takaba tana iya koyo, amma kada a yi gwaji a kanta har ta cika wata 4 da kwana 10, ko ta haihu idan tana da ciki.

Waɗanda za su taso daga Tudun Wada da Doguwa, tafiyar ba ta jeka-ka-dawo ba ce kullum. Kowace ta zo da yardar mijinta ko waliyyinta, kuma ya fi ta sauka wurin danginta. Idan a gidanki za ta kwana, a ware mata ɗaki, kada ki je biki ki bar ta ita kaɗai da maigida ko samarin gidan.

Wallahu a'alam.