Darasi Daga Kutare Huɗu na Samariya

Akwai tambayar da ke damun masu bi da yawa, ko da yake ba kowa ke furta ta ba. Idan na ce wa maƙwabcina na san hanyar ceto, ashe ban ɗaukaka kaina a bisansa ba? Saboda wannan tsoro waɗansunmu sun kame baki, suna ɗaukan shirun nan tawali'u ne. Waɗansu kuwa suna shaida da murya irin ta alƙali, har mai sauraro ya tafi da ɓacin rai. Dukansu sun manta da yadda ceton ya zo hannunsu.

Mu duba 2 Sarakuna sura 7. Suriyawa sun kewaye Samariya da yaƙi, yunwa ta yi tsanani ƙwarai. Kutare huɗu da ke bakin ƙofar birni suka ga mutuwa ce ke jiransu ko sun zauna ko sun shiga gari, sai suka nufi sansanin abokan gaba da magariba. Suka tarar ba kowa, gama Ubangiji ya riga ya firgita rundunar ta gudu. Suka ci, suka sha, suka ɓoye dukiya. Can lamirinsu ya tashe su, suka gane shirunsu laifi ne, suka koma suka faɗa wa matsaran ƙofa.

Kutaren nan ba su harba kibiya ko ɗaya ba, saboda haka ba su da abin fahariya. Amma da sun yi shiru don suna ganin ba su isa ba, da mutane sun ci gaba da mutuwa alhali abinci yana kusa. Haka matsayinmu yake. Afisawa 2:8-9 ta koya mana ceto baiwar Allah ce ta wurin alheri, ayyukanmu ba su saye shi ba. Wanda ya gane wannan zai yi magana da tabbaci, domin abincin gaskiya ne, zai kuma yi ta da ladabi, domin ba shi ya dafa ba.

Tarihin ikkilisiya a ƙasarmu ya ba mu misali. An kama Samuel Ajayi Crowther bawa yana yaro, jiragen ruwan Ingila suka 'yantar da shi a 1822, ya zama bishop a 1864. Yana saurayi a Saliyo ya gwada gardamar addini, ya ga ba ta jawo zuciyar kowa. A 1872 kuwa, da aka yi masa tambayoyi game da Almasihu a fadar Sarkin Ilori, ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta amsoshin da girmamawa, bai rage gaskiya ba, bai kuma zagi kowa ba.

'Yan'uwa, 'ya'yanmu suna jin yadda muke ambaton maƙwabtan da ba sa bi tare da mu. Idan reni suka ji a bakinmu, reni za su kai makaranta da kasuwa. Girman kai rawanin tsiya ne, ko da an naɗa shi da sunan bishara. Manzo Bitrus ya gargaɗe mu mu kasance a shirye mu bayyana dalilin begenmu, cikin tawali'u da bangirma (1 Bitrus 3:15-16). Kafin mu buɗe baki a wannan mako, bari kowa ya tuna inda Ubangiji ya same shi. Allah ya taimake mu. Amin.